Mu ɗalibai ne, ta ina za mu fara tallafa wa karatun marayu?

Ɗalibar Kabuga:
Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne a Jami'ar Bayero, muna karo-karo duk wata don karatun marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Gidan marayu na Nasarawa da ke nan Kano za mu nufa, ko cikin unguwa?

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam, Allah Ya saka da alheri. Gidan Nasarawa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Mata, sai kun rubuta mata takardar neman izini. Amma yawancin marayun garin nan suna lungu ne, hannun uwa ko kaka. Ku ɗauki unguwa ɗaya tak, ku je gaida mai unguwa da liman su ba ku sunaye, sannan ku tantance wajen hedimasta, don a irin wannan jeri ba a rasa ɗan wani da aka cusa. Kada ku wuce yara 15 a shekarar farko.

Tun 2019 gwamnatin jihar Kano ta ce firamare da sakandare kyauta ne, amma yunifom, takalmi da littattafan rubutu suna wuyan iyaye. Ku sayo yadi a Kantin Kwari, telan unguwa ya ɗinka wa kowa kala biyu. Kada ku miƙa tsabar kuɗi. Gidan da ba a ɗora tukunya ba, masara za a auna da su, kuma ba laifinsu ba ne.

Anti Malama:
Ƙanwata, maganar darasi. Alhamis da Juma'a bayan la'asar ya fi, ranakun ba Islamiyya. Ku fara gwada kowane yaro da sakin layi ɗaya na Hausa. Za ku tarar da ɗan aji biyar da bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Ku raba su gwargwadon iyawa, ba aji ba, mutum ɗaya yara biyar, awa ɗaya da rabi.

Yarinya mai talla kuwa, in ba ku sama wa uwar ɗan jari ba, sati biyu za ta koma ɗaukar faranti.

Baban Ilham:
Abin da ke kashe irin wannan tafiya jarrabawa ce da hutu, kowa ya kama gabansa, yara su yi ta zuwa ba malami. Ku sa mazauna Kano aƙalla huɗu a jadawali, da 'yan ajin farko na jami'a masu gadonku. Asusun banki ya zama sai mutum biyu sun sa hannu. Hoton yara suna riƙe da kaya a Facebook kuma, don Allah a bari. Abokan wasansu suna gani, gori ake musu.