Neman shawara: in ajiye koyarwa in rungumi aikin sulhu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar jami'a ce a sashen aikin gona. Rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka a ƙaramar hukumarmu, dattawa kuma suka saka ni cikin kwamitin sulhu. Tun daga nan bincikena ya tsaya cak, ɗalibai na ƙorafi, shugaban sashe ya fara ɗaure min fuska. Mahaifiyata kuwa kullum kuka take, wai in fita daga harkar da ake zubar da jini. Ni kuma zuciyata na raya min in ajiye aikin in ba sulhun lokacina gaba ɗaya. Don Allah wanda ya san wani malami da ya bi wannan hanya ya haska min.

Hajiya, tsohuwar malama: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki kuskura ki rubuta takardar ajiye aiki yanzu. Nemi tarihin Farfesa Wangari Maathai ta Kenya. A 1971 ta samu digirin digirgir a Jami'ar Nairobi, ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Gabashi da Tsakiyar Afirka. Lokacin da ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a 1977, tana nan tana koyar da ilimin sassan jikin dabbobi. Sai a 1982 ta ajiye aikin don ta yi takarar majalisa. Aka hana ta tsayawa, ta koma jami'a aka ƙi mayar da ita, aka kuma fitar da ita daga gidan ma'aikata. Albashin nan da kike gani shi ne yake ba ki bakin faɗin gaskiya ba tare da kin miƙa wa kowa hannu ba.

Wani ɗan uwa: Hajiya, da girmanki, amma ai manyan ayyukanta bayan ta bar jami'ar ta yi su. A 1989 ta tsaya kai da fata kan kada a gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru da ke Nairobi, kuma ba a gina ba. Sai dai malama, kukan Mama ba na banza ba ne. A 1992 ta zauna tare da iyayen fursunonin siyasa suna yajin cin abinci, 'yan sanda suka doke ta har ta suma. A 1999 kuma aka fasa mata kai a dajin Karura ta je dasa itace. Ki zauna da Mama ki faɗa mata inda kike zuwa da waɗanda kuke tafiya tare, ki nemi albarkarta. In ta ƙi, ki yi aikin daga nesa.

Yaya, ma'aikaciyar gandun daji: Ƙanwata, ni ina ganin ba a taɓo jijiyar maganar ba. Me ya sa aka ba mai dashen itace kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, mace ta farko daga Afirka? Saboda ta gane cewa faɗa yakan faro ne daga ƙarancin ƙasa da ruwa da itacen girki. Matan karkara ne suka fara kai mata kukan rafuka sun ƙafe, sai ta sa su renon iri, ana ba su ɗan ihisani kan kowane dashe da ya rayu. Kafin kyautar ta zo sun dasa itatuwa sama da miliyan 30. Ke aikin gona kika karanta. Burtalin da aka nome da mashayar da aka toshe, ai su ne bincikenki. Ki tura ɗalibanki su auna su, ki rubuta, ki kai wa kwamiti, ki kai wa sashe.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na fasa rubuta takardar. Yaya, zan tuntuɓe ki kan yadda ake samun tsohuwar taswirar burtali. Gobe in sha Allah zan je wurin Mama.