Tarar gudu a wata jiha: shin dole ne direban tirela ya sanar da kamfani?

Sabon Direba:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina tuƙa tirela a Amurka da lasin CDL, wato lasin tuƙa manyan motocin kasuwanci, na jihar Ohio. Makon jiya ɗan sanda ya tare ni a wata jiha, ya rubuta mini takardar tara saboda na haura iyakar gudu da mil 16 a awa. Niyyata in biya kuɗin in yi shiru, tunda ba jihata ba ce. Shin doka ta wajabta mini sanar da kamfani, kuma labarin zai isa Ohio?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka yi gaggawar biya, domin a dokar tarayya biyan tara daidai yake da kotu ta same ka da laifi. Daga ranar da aka tabbatar da laifin kwana 30 gare ka ka sanar da kamfani a rubuce, kuma haka abin yake ga kowane laifin hanya in ban da na fakin. Shirun ma ba zai ɓoye komai ba, saboda jihar da ta kama ka wajibi ne ta aika wa Ohio rahoto cikin kwana 10 ta rumbun bayanai na CDLIS, wanda aka samar bayan wata dokar tarayya ta shekarar 1986 domin hana direba tara lasin jihohi daban-daban yana ɓoye laifinsa. Abin da ya fi damuna shi ne mil 16 ɗin nan, domin daga mil 15 zuwa sama babban laifi ne a lissafin FMCSA, hukumar tarayya mai kula da tsaron manyan motoci a hanya. Biyu irinsa cikin shekara 3 suna jawo a dakatar da kai daga tuƙin tirela na kwana 60, uku kuwa kwana 120.

Mai Dogon Zango:
Ƙari a kan bayanin Yaya, idan har aka dakatar da lasin, wa'adin kwana 30 ba ya aiki, sai dai ka sanar da kamfani kafin a tashi aiki washegarin ranar da sanarwar ta iso maka. Ni a ganina ka nemi lauyan da ya san harkar CDL tun kafin ranar kotu, ko da kuɗinsa ya fi tarar.

Sabon Direba:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To, da a motata ta gida aka kama ni fa?

Tsohon Hannu:
Sanar da kamfani yana nan daram, ko wace irin mota ce. Sai dai laifin motar gida ba ya shiga lissafin kwana 60 ɗin, sai idan ya kai ga an dakatar da lasinka ko an soke shi.