Sinadarin rutin ya yi yawa a furen bakwit, ya ɓace a garin ƙwayarsa: ina na kuskure?

Auwalu, Chengdu:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin noma a nan Chengdu ta ƙasar Sin, aikina kuma a kan bakwit ne, tsiron da ba mu da shi a gida. Ba dangin alkama ba ne, ƙwayarsa ma kusurwa uku gare ta. Iri biyu na shuka a tukwane: na gama-gari, da mai ɗaci wanda mutanen Yi ke nomawa a tsaunukan Liangshan. Duk mako nakan tsinki ganye in auna rutin, babban sinadarinsa daga dangin sinadaran tsirrai da ake kira filabonoyid. Ya yi ta hawa har tsiron ya fara fure wajen mako na 5, furen ma ya fi ganyen, daga nan na ganyen ya soma sauka. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne garin mai ɗacin: na kwaɓa shi da ruwa, na bar shi kan benci na tafi sallar La'asar, da na auna sai na tarar rutin ya kusa ƙarewa. Wata 3 na yi ina rainon tukwanen nan. Don Allah ina matsalar take?

Malama Hadiza:
Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, na'urarka lafiya lau, ruwan ne. Ƙwayar mai ɗaci tana ɗauke da wani enzayim (sinadarin da ke farfasa wani sinadari) mai suna rutinosidase. Muddin garin a bushe yake, shiru kake ji. Ruwa na taɓa shi, cikin mintoci sai ya yanke sukarin da ke jikin rutin ya bar wani sinadari mai suna kwasitin, daga nan ne ma ɗacin yake ƙaruwa. Duba sakamakonka, na tabbata kwasitin ya yi sama daidai inda rutin ya faɗi. Ka turara ƙwayar kafin niƙa, ko ka jiƙa garin kai tsaye da ruwan sinadarin metanol maimakon ruwa. Matsalar nan ce ta sa a Japan suka fitar da irin Manten-Kirari, wanda enzayim ɗinsa ba shi da ƙarfi.

Wani abu kuma: ka auna ganyen farko guda biyu da iri ke fitarwa? A na gama-gari, nan ne oriyentin da biteksin, wasu 'yan uwan rutin a dangin filabonoyid, suka fi taruwa. Wanda ya jira sai ainihin ganye ya fito, sun wuce shi.

Auwalu, Chengdu:
Wallahi Malama haka ne! Yanzu na buɗe sakamakon na'urar, ga layin kwasitin ya miƙe, ni kuwa na ɗauka datti ne. Ganyen farko ban auna ba, sai a shuka ta gaba. Allah Ya saka da alheri.

Dokta Sani, likitan dabbobi:
Malam Auwalu, ka rubuta inda kowace tukunya take. Hasken rana na sa tsiron ƙara rutin don kare kansa, ta bakin taga ba za ta zo ɗaya da ta lungu ba. Sannan kada yawan rutin a fure ya sa ka ba mutane shawarar su riƙa cin ganye da furen kamar zogale. Akwai fagofirin a ciki, sinadarin da ke sa fata ta kasa jure rana. Farar tunkiya in ta ci da yawa ta shiga rana, fatarta kan yi ja ta kumbura, musamman kunne da fuska.

Auwalu, Chengdu:
Na gode Dokta. Huɗu daga cikin tukwanena a bakin taga suke, gobe da safe zan ware lissafinsu daban.