Zauren Dangi: Maganar Idon Yaron Nan

Gwaggo: Assalamu alaikum. Kun dai ji abin da likita ya ce kan idon ɗan ƙanena: hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama ake fafutukar cetowa. Jiya na miƙa masa kofin shayi ta ɓangaren hagu, sai da ya lalubo hannuna sannan ya kama. Uwar ta juya baya tana goge fuska da mayafi. Ina za a kai shi, kuma ya za mu yi da kuɗi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam Gwaggo. Kafin komai, kada a tsallake ɗigon maganin nan ko na kwana ɗaya. Ruwan cikin ido ne ba ya samun hanyar fita, sai ya taru ya danne jijiyar gani. Abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa, aikin da za a yi ma don a tsare abin da ya rage ne. Kuma don girman Allah, ban da zuba nono, ruwan albasa ko na sukari. Na san 'yan dubiya, kowa da nasa maganin yake zuwa.

Baffa: A kawo shi Asibitin Ido na Ƙasa nan Kaduna. A karɓo takardar turawa daga likitan da ya gan shi. Masauki kuwa ɗakin zaurena yana nan.

Kawu: Ga Kano kusa, Baffa. Asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari tun 1943 suke wannan aiki, ga kuma asibitin ido na Makka, shi ma a Kanon yake. Ciwon da za a yi ta komawa asibiti, kuɗin mota kaɗai abin lissafi ne.

Yaya Babba: Maganar Kawu ce ta kawo ni. Ku tuna rashin lafiyar Inna: karo-karo ɗaya muka yi, kowa ya nuna bajinta, wata biyu kuɗin ya ƙare, zauren nan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Wannan magani ne na shekaru. Kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata, ko dubu biyu ce, ya riƙe ta kamar zubin adashe. A buɗe asusu daban, mutum biyu su sa hannu, duk rasit a ɗauki hotonsa a turo nan.

Auta: Ni da na ce mu yi masa bidiyo mu saka a Facebook, jama'a za su taimaka.

Gwaggo: A'a Auta, ubansa ba zai yarda ba, ni ma ban yarda ba. Yaron zai girma ya tarar. Ga 'yan damfara da ke kwafe hoto su liƙa lambar asusunsu. Mu fara gwada ƙarfinmu tukuna.

Malama: Zan faɗi wadda ba a son ji. A fara koya masa rubutun makafi na Braille tun yanzu da yake ɗan gani. Ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, yara suna saurin kamawa, har Alƙur'ani akwai shi da wannan rubutu. A leƙa makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki da ke Kano a tambaya.

Kawu: Haba Malama, fatan makanta kike masa?

Malama: Allah ya tsare, Kawu. In idon ya tsaya, ya ƙaru da ilimi. In kuma ya tafi, ba a bar shi a ƙofar masallaci da ƙoƙon bara ba. A gida kuma a daina sauya wa kujeru da randa wuri, ya haddace hanyarsa.

Auta: Wayar babansa Android ce, akwai TalkBack mai karanta rubutu da murya. Zan kunna masa ranar Juma'a.

Baffa: To a fara da Kanon. Yaya Babba, rubuta mini dubu biyar duk wata.

Gwaggo: Allah ya bar zumunci. Wa zai raka uwar ran Litinin? Tana da goyo.