Kunnena na ƙara dare da rana, akwai gwajin da ke gano shi?

Baban Amira, Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Wata 3 kenan kunnuwana biyu suna wani tsiiii kamar kukan gyare, da rana ba na damuwa sosai amma da dare in aka kashe mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) wallahi bacci gagarata yake. Aikin tayil nake yi, kullum ina riƙe da sarukh, wato injin yankan tayil, ina yanka, shekara 9. Na je saidaliyya (kantin magani) an ba ni maganin ɗigawa, ba abin da ya canja. Wai akwai na'urar da ake sa wa mutum ta ji ƙarar? Kar in je in zubar da riyal a banza.

Hajiya Maman Sadik, Makka:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba da lafiya ɗana. Ka fara bari a leƙa maka ko dauɗar kunne ce ta toshe, ni haka tawa ta kasance, aka wanke shikenan. Kuma ka daina cusa tsinken auduga.

Abu Hanifa, Madina:
Malam wannan shi Larabawa ke ce wa ɗanin. Gaskiya babu na'urar da za ta ji shi, kai kaɗai ke jin abinka, abin da suke aunawa shi ne jinka. Ka je asibiti ɓangaren anf wa uzun wa hanjara, wato na hanci da kunne da maƙogwaro, ka ce kana son takhɗiɗ sama'i, wato gwajin ji. Ni na yi bara, wani ɗan ɗaki za a sa ka wanda sauti ba ya shiga, a ɗora maka abin kunne a ba ka maɓalli, duk sanda ka ji tiit ka danna, suna rage sautin har ya ɓace, daga sauti mai kauri mai lamba 250 zuwa siriri mai lamba 8000, kunne ɗaya bayan ɗaya. Abin dariya wani lokaci ba ka sanin nasu ne ko naka ne ke kuka. Akwai kuma na dodon kunne da ake ɗan hura iska, ba zafi. Masu aiki cikin ƙara yawanci wajen sauti mai lamba 4000 layin takardar sakamakonsu ke faɗawa, wato nan jinsu ya ragu, alhali hira suna jinta lafiya, shi ya sa ba sa farga da wuri.

Yaya Nas:
Ƙari a kan na Abu Hanifa, ka tafi da duk maganin da kake sha, asfirin mai yawa da kwinin da allurar gentamicin suna jawo shi, a auna maka hawan jini ma. In kunne ɗaya ne kawai, ko yana bugawa daidai da zuciya, ko da jiri, ka gaya wa likita, zai iya tura ka MRI, wato hoton cikin kai. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya, ranar za ka je asibiti ba gobe ba. Sannan ƙanina ƙarar sarukh ta wuce desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne, daga 85 take fara cutar da kunne) nesa ba kusa ba, ka sayi abin toshe kunne tun yau, jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Da dare ka bar fanka ko karatu ƙasa-ƙasa, shiru ne ke ƙara masa ƙarfi.

Baban Amira, Jidda:
Na gode, Allah ya saka. Biyun ne, kuma ba jiri. Ranar Asabar ba aiki, zan je insha Allah. Abu Hanifa, da azumi ake yin gwajin ko zan iya karyawa?

Abu Hanifa, Madina:
Ci fuul ɗinka da tamis ka ƙoshi, sai dai ka nisanci sarukh kwana ɗaya kafin nan.