Na aike shi abu uku ya dawo da ɗaya

Maman Haidar: Salam mutanen gida, dan Allah ku bani shawara. Yarona shekararsa 7, in na aike shi magi da attaruhu da sabulu sai ya dawo min da magi kawai, canjin ma ya yar. Homwok kuwa sai mun kwana muna abu ɗaya.

Anty Rabi: Rage aiken zuwa biyu, kuma ya maimaita miki da bakinsa kafin ya fita.

Ummu Nana: Ni dai kar wanda ya ce miki maganin kaifin ƙwaƙwalwa, wlh wani mai kemis ya ɗora mu kan wani sirop mai tsada wai zai buɗe kan Nana, muka yi ta zuba kuɗi yarinya sai barci a aji, ga malamin lesin yana zaneta kullum har ta kai in ta ji sallamarsa sai ta shige banɗaki ta kulle, abin da ta iya da ma ya gudu.

Malama Hauwa: Maman Haidar ba daƙiƙanci bane. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke riƙe saƙo a ka, ya hana yaro bin duk abin da ya gifta, ya canza dabara in ta farko ta ƙi, kuma baya gama nuna sai wajen shekara 25. Ki duba barcinsa, sa'anninsa awa 9 zuwa 12 suke buƙata. Ki barshi yayi langa da dara, ki dinga masa tatsuniya yana maido miki. In a makaranta da islamiyya ma haka yake, a kaishi likitan yara ya duba.

Maman Twins: 25? To Abbansu 43 yake, har yau nashi bai nuna ba hhhh

Hajiya Binta: Mu dai dorina ce ta gyara mu.

Ummu Nana: Hajiya ki karanta abin da na rubuta a sama mana.

Zee: An taɓa gwada 'yan shekara 4 na ƙabilar Nso a ƙauyukan Kamaru da na Jamus, a ajiye fanke ko alewa a ce in ka jira minti 10 za a ƙara maka, na Kamaru suka fi haƙuri nesa ba kusa ba.

Maman Twins: Su zo su gwada nawa, har farantin sai an nema

Hajiya Binta: Na karanta, wancan malamin ne bai iya duka ba.

Anty Rabi: Wai ina mai kawo dara ta katako ɗin nan, har yanzu tana Zoo Road?