Wane irin fanish ya dace da daben katakon odum?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman kafintoci. Ina Aboabo a nan Kumasi. Bara na sayo katakon odum (wato iroko) a kasuwar katako ta Sokoban aka shimfiɗa mini a falo, kafinta ya goge da sanfefa ya shafa fanish hannu biyu. Sati guda yana danƙo bai bushe ba. Da hunturu ya shigo sai ya fara ɓarewa, musamman bakin ƙofa inda Hajiya ke wucewa da jiƙaƙƙun ƙafafu bayan alwala.

Wani dattijon kafinta ya ce odum na da maiƙo a jikinsa, dole a goge shi da tina (ruwan tsinka fenti) kafin a shafa komai. Shi kuma mai shagon fenti ya nace sai fanishin foliyuretan, wai irinsa da ake haɗawa da ruwa ba ya komawa rawaya, ga saurin bushewa. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da man da katako ke sha, don inda ya lalace nan kawai za a gyara, amma yara huɗu gare ni, kullum cikin zubar da koko suke.

Wanne zai jure ruwa? Kuma sai an kankare tsohon duka ne?